Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga 'Yan Uwana Iyaye: Abin da Ya Hana Ni Sa Hannu a Takardar Kokenmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yayyena da ƙannena, iyaye Musulmi da 'ya'yanmu ke karatu a firamaren Yahudawa ta garin nan, musamman ku 'yan gida da muke zaure ɗaya a WhatsApp, ina gaishe ku da gajiyar sanyi da hidimar yara. Waɗanda suka kira ni cikin makon nan ban ɗauka ba, ku yi mini afuwa. Wallahi ba raini ba ne. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya na minti biyu, kuma na ga duk wanda ya buɗe baki a zauren, kafin ya kai aya an yi masa caa. Shi ya sa na zauna na rubuta, da harshen da nake tunani da shi, na kuma sa a fili don na san akwai Hausawa a wasu garuruwan Ingila da ke cikin irin halinmu.

Takardar da ake zagayawa da ita tana neman abu huɗu daga hukumar makaranta. A rage darasin Ibrananci, a mayar da lokacin ga lissafi ko Larabci. A daina tara dukkan yara a taron maraba da Asabar na ranar Juma'a. A bar yara su riƙa zuwa da abincin gida, har da nama. Sannan a soke bikin ranar 'yancin Isra'ila da ake yi kowace shekara. An ce tunda 'ya'yanmu ne suka fi yawa a kowane aji, lokaci ya yi da makaranta za ta yi kama da yaran da ke cikinta.

Ban sa hannu ba, kuma in dai a haka takardar za ta tafi, ba zan sa ba. Na huɗun yana ci mini rai kamar yadda yake ci muku, zan zo kansa, ba zan kauce masa ba. Amma ukun farko, in muka kira su da sunansu, cewa muke yi mai gida ya kwashe kayansa daga ɗakinsa don baƙi sun yi yawa.

Mu tuna yadda aka yi muka shiga. Dokar ƙasar nan ta yarda makarantar addini da gwamnati ke ɗaukar nauyinta ta fifita 'ya'yan masu addinin wajen ɗaukar ɗalibai, amma sai idan masu nema sun fi gurabe yawa. In gurbi ya ragu, dole ta karɓi duk wanda ya nema. Yahudawan ƙananan garuruwa sun daɗe suna ƙaura zuwa arewacin Landan da Manchester, matasa sun tafi, tsofaffi suna ƙarewa, kujeru suka zama fanko, mu kuma muka zo. Ba mu kaɗai ba ne. Makarantar Yahudawa ta King David da ke Birmingham ta yi suna a jaridu tun shekaru da dama saboda yawancin ɗalibanta Musulmi ne. King David ta Liverpool da King Solomon ta gabashin Landan su ma Yahudawa ne 'yan tsiraru a azuzuwansu. Ƙidayar 2021 ta nuna Yahudawa a Ingila da Wales kusan 271,000 ne, mu Musulmi kuwa miliyan 3.9. A ajin 'yata yara talatin ne, Yahudawa huɗu.

Babu wanda ya tilasta mana. Makarantun unguwa na nan, wasu ma sun fi kusa da gidajenmu. Na tuna ranar da wata 'yar uwa da ke cikin wannan zaure ta riƙe hannuna a bakin masallaci ta ce, "Ki kai su makarantar Yahudawan nan. Ba naman alade, ba a wasa da sunan Allah, kuma malamai suna sa ido." Da wannan shaida na cike takarda, kuma na san yawancinku haka ne.

Bari in fara da abinci, don a nan ni ma na fara yin fushi. A makon farko na ɗana, na zuba masa dambun nama a ɗan kwano, wanda aka aiko mini daga gida. Da yamma ya dawo da shi a rufe, da 'yar takarda mai ladabi cewa ba a shigo da nama daga waje. Raina ya ɓaci ƙwarai. Nama halal, yankan Musulmi, a ce bai isa ya shiga ƙofa ba? Washegari na je da niyyar faɗa. Matar da ke kula da ɗakin girki ba ta yi musu da ni ba, sai ta ce in biyo ta. Ta nuna mini ɓangare biyu: nan tukwane da ludaya masu jan alama, na nama ne, can masu shuɗi, na madara da cuku. Wurin wanke-wanke daban, soso daban, tawul daban. A addininsu nama da nono ba sa haɗuwa, ko a tukunya ko a ciki. Tuwo da miyar nama a kwarara man shanu, abin da mu muke ɗauka gata, su haramun ne a gare su. Ta ce cokali ɗaya in ya ɓata hanya, sai an kira malaminsu, rabbi, ya faɗi yadda za a yi da shi. Ta ce akwai gidaje a makarantar da idan suka ji ana shigo da naman waje, yaransu ba za su ƙara cin komai a teburin ba.

Na fito jikina a sanyaye. Na gane cewa tsananin da ya mayar da dambuna shi ne dai tsananin da ya sa nake barci da daddare ban damu da abin da aka zuba wa ɗana a faranti ba. A makarantar da 'ya'yan maƙwabciyata suke, kullum tana bin takardar abinci da biro tana tambayar wane irin gelatin ne a cikin kayan zaƙi. Ni ban taɓa yi ba. Malamanmu da yawa sun halatta yankan Yahudawa bisa ayar Suratul Ma'ida kan abincin Ahlul Kitabi, wanda kuma bai natsu da hakan ba, akwai kifi da ganye kullum. Su a nasu ɓangaren halal ɗinmu bai cika sharuɗɗan kosha ba, wato abincin da addininsu ya halatta. Ba ƙyama ba ce, fiƙihunsu ne haka. Idan muka fasa wannan katanga yau don dambu ya shiga, gobe wani uba da ba Musulmi ba zai turo ɗansa da naman alade a cikin burodi, ya zauna kusa da 'yarki, kuma ba mu da bakin magana, don mu muka buɗe ƙofar.

Haka abin yake a kusan duk abin da muke yabo a makarantar. Ladabin da yara ke yi wa manya, akwatin sadaka da ake zagayawa da shi a aji, yadda ba a yi wa yaron da ya ce yana azumi dariya, yadda ake tashi da wuri ranar Juma'a a lokacin sanyi har mazajenmu ke ɗaukar yara daga masallaci kai tsaye. Duk daga tushe ɗaya suka fito. Muna son inuwar, muna kuma neman a sassare reshen.

Akwai wata tsohuwa da ke zuwa ranar Talata tana sauraron yara suna karatu. Kun san ta, mai sanda da jan gyale. A makarantar nan ta yi firamare, 'ya'yanta ma haka. Jikokinta suna Landan, wasu a ƙasar waje. Wata rana muna jiran a buɗe ƙofa, na tambaye ta me ya sa take wahalar da kanta a wannan sanyi. Ta ce in ta daina zuwa, ta rage mutum ɗaya cikin waɗanda suka san waƙoƙin. Ba ta ƙara komai ba. Ni kuwa maganar ta bi ni har gida, don a daren nan na yi wa autata magana da Hausa ta amsa mini da Turanci, kamar kullum.

Tsoron da ke cinsu shi ne namu. Marigayi Jonathan Sacks, wanda ya yi babban rabbi na ƙasar nan daga 1991 zuwa 2013, ya yi ta tambayar mutanensa ko jikokinsu za su tashi Yahudawa, kuma maganin da ya fi nacewa a kai shi ne ilimi da makaranta. Wace uwa ce a cikinmu ba ta kwana da irin wannan tambaya ba? Ko jikana zai iya Fatiha? Ko zai san ana durƙusawa a gaida babba? Don haka muke jan yara zuwa Islamiyya ƙarfe biyar na yamma cikin duhu da ruwan sama, suna kuka muna lallashi. Mu da muke miliyoyi, da masallatai a kowace unguwa, muna wannan fargaba. To ina ga mutanen da makarantar nan da majami'a ɗaya su ne abin da ya rage musu a garin? Yaran nan huɗu na ajin 'yata, in ba a nan ba, babu inda za su ji harshen addu'arsu a bakin wani yaro.

Ibranancin da ake cewa ɓata lokaci ne, ni dai ga abin da na gani. Daga dama ake rubuta shi zuwa hagu. Ranar da ɗana ya fara Larabci a Islamiyya, malamin ya yi mamakin yadda hannunsa bai yi gardama ba. Shi yaron da kansa ya riƙa kawo mini kalmomi yana murna: su suna cewa shalom mu salam, su bayit mu baiti, su yom mu yaum, su ehad mu ahad. Sadakar da muke cewa, su tsedaka suke ce mata. Asabar ɗinmu ma da Shabbat ɗinsu asali ɗaya ne. Ban ga ta inda wannan ya rage masa lissafi ba, kuma sakamakon da muke alfahari da shi a gaban dangi, da Ibranancin a ciki aka same shi. Mai son Larabci a makaranta, ina tare da shi, mu nemi a ba mu aji bayan an tashi, mu kawo malami, mu biya. Wannan ƙari ne, ba sai an ƙwace na wani ba.

Taron Juma'a kuwa, ba zan ce babu abin dubawa a ciki ba, don ni ma ya taɓa tsaya mini a wuya. Wanda bai taɓa halarta ba, ga yadda ake yi. Ana shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, a ajiye kyandir biyu, da kofin ruwan inabi marar sa maye, da burodi biyu masu kitso a rufe. A zaɓi yarinya da yaro su zama uwa da uban gida na ranar. Yarinyar ta kunna kyandir, ta rufe idonta da tafin hannu, ta karanta addu'a. Wata Alhamis 'yata ta dawo da tsalle, an zaɓe ta. Na nemi fassarar addu'ar na karanta. Tana yabon Allah ne, Sarkin duniya, amma a ciki akwai cewa Shi ne ya tsarkake mu da dokokinsa ya umarce mu da kunna fitilar Asabar. Na ce a raina, 'yata ba a umarce ta da wannan ba, in ta faɗa ta faɗi abin da ba haka yake ba a gaban Ubangijinta.

Da safe na sami malamar addininsu, gabana yana faɗuwa don ban san yadda za ta ɗauka ba. Ta saurare ni har na gama. Sai ta ce gaskiyata ce, a nasu addinin ma wanda ba Bayahude ba ba a ɗora masa wannan umarni ba, kuma ta gode da na karanta kalmomin maimakon in yi fushi daga nesa. A ranar 'yata ta shimfiɗa ƙyalle, ta ɗauko burodi, ta raba wa 'yan ajinsu. Wata yarinya Bayahudiya ta kunna kyandir ta yi addu'ar. 'Yata ta dawo da farin cikinta cikakke, ni ma imanina bai taɓu ba. Minti goma maganar ta ɗauka.

Kuma doka tana bayanmu a nan, ba sai da koke ba. Dokar makarantu ta 1998 ta ba kowane uba ko uwa ikon cire ɗansa daga ibadar haɗaka da darasin addini, ko a makarantar addini ce, ba tare da an tambaye shi dalili ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya rubuta layi biyu ga shugabar makaranta, shi ke nan. Abin da takardarmu ke nema daban ne: a hana kowa, har da masu abin.

Na san inda tsoron wasunmu ya samo asali, don daga gida muka taho da shi. Mahaifiyata makarantar sistoci ta yi a Kaduna, kuma sai da kakana ya sha surutu a gari kafin ya bar ta ta tafi, ana cewa za a mayar da ita Kirista. Tsoron ba na banza ba ne, mishan aikinsu ke nan, kuma akwai gidajen da abin ya faru. A farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun, St. John's ta zama Rimi College, Queen of Apostles ta zama Queen Amina, St. Paul's ta Wusasa ta zama Kufena. Har ta rasu, Allah ya jiƙanta, Mama tana cewa ta fahimci dalilin karɓewar, amma makaranta tana da rai, kuma ran yana hannun waɗanda suka kafa ta don wani abu da suka yi imani da shi. Sai dai akwai bambanci babba da ya kamata mu riƙe. Yahudawa ba sa wa'azin jawo mutane cikin addininsu. Wanda ma ya je da ƙafarsa yana so, al'adarsu ita ce a fara mayar da shi baya, a ja masa rai, sai ya nace. Shekara shida ina shiga makarantar nan, ba a taɓa ce wa ɗana ya bar abin da yake kai ba.

Sai hujjar rinjaye, wadda ita ce ƙashin bayan takardar. Yaya, kai da ka tsara ta, na san da kyakkyawar niyya ka yi, kuma ina girmama wahalar da kake yi wa al'ummar nan. Amma ka juya hoton. Shekara da shekaru Musulmin ƙasar nan suna neman gwamnati ta ɗauki nauyin makarantunsu kamar yadda take yi wa na coci da na Yahudawa, ana hana su. Sai a 1998 aka amince da biyun farko, Islamia ta Brent a Landan, wadda Yusuf Islam ya kafa, da Al-Furqan ta Birmingham. Cikin hujjojin da aka riƙa kafawa har da cewa ga Yahudawa nan, su ma tsiraru, an ba su. Tsarin da ya ba masu kafa makaranta rinjayen kujeru a hukumarta don su kare addininta, wanda yau muke gani kamar ya tare mana hanya, shi ne yake kare waɗancan. A ce shekara ashirin nan gaba unguwar wata makarantar Musulmi ta canza, waɗanda ba Musulmi ba suka fi yawa, suka kawo takarda a daina sallar azahar a rage Alƙur'ani tunda su ne da yawa. Me za mu kira wannan? Gemun ɗan uwanka ne ya kama wuta, kai kuma kana riƙe da ashana.

Kada kuma mu manta da 2014 a Birmingham, lokacin da wata wasiƙa da ba a san marubucinta ba ta zargi Musulmi da shirin mamaye makarantu. Ofsted, hukumar duba makarantu, ta shiga makarantu 21, an kori mutane daga hukumomi, malamai sun rasa aiki, kuma har yau uba Musulmi in ya nemi kujera a hukumar makaranta sai an yi masa kallo biyu. Ku yi tunanin kanun da jaridun nan da kuka sani za su buga in takardarmu ta faɗa hannunsu. Ba don tsoro nake cewa mu yi shiru a kan haƙƙinmu ba. Amma mu tabbata haƙƙin namu ne kafin mu ja wa kanmu da yaranmu wannan.

Wani abin da ban sani ba sai da na zauna da su: su kansu ba su gama daidaita wannan magana a tsakaninsu ba. Wane ne Bayahude, kuma addini nawa ya kamata makaranta ta ɗora wa yaro, rigima ce da ta kai su har Kotun Ƙoli. JFS, makarantar Yahudawa ta Landan, wadda tarihinta ya koma 1732, ta ƙi fifita wani yaro saboda mahaifiyarsa ta shiga addinin ta hannun majami'ar da ofishin babban rabbi bai amince da ita ba. A Disamba 2009 alƙalai biyar cikin tara suka ce auna yaro da asalin uwarsa wariyar ƙabila ce a dokar ƙasa. Tun daga nan makarantunsu suka koma duba aiki, wato zuwa majami'a da karatun addini da hidimar al'umma. A 2010 aka buɗe makarantar JCoSS a Barnet don 'ya'yan kowane ɓangaren Yahudawa su zauna aji ɗaya. Wanda ya taɓa zama a kwamitin Islamiyyar da ke da 'yan Izala da 'yan ɗariƙa ya san irin wannan tafiya a kan siraɗi. A makarantarmu ma akwai Bayahuden da ke ganin an yi sako-sako da addini, akwai wanda ke ganin an cika shi. Shugabar makaranta tana tsakiyarsu, ga mu kuma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu ga na huɗun.

Ba zan yi muku kwana-kwana ba. Bara da aka ce yara su zo da shuɗi da fari, aka rataya tutoci a zauren taro, ni a daren da ya gabata hotunan yaran Gaza na kalla har na kasa cin abinci. Yara masu shekarun nawa, an jera su cikin farin ƙyalle. Ranar da su suke murnar kafuwar ƙasa a Mayun 1948, ita ce Falasɗinawa ke tunawa da korar mutum sama da 700,000 daga gidajensu. A ajin ɗana akwai yaron da kakarsa Bafalasɗiniya ce. Ban tura yarana ba ranar, kuma bana ma ba zan tura ba. Duk wanda ya ce wannan ƙin Yahudawa ne bai yi mini adalci ba.

Na faɗa wa shugabar makaranta haka a ofishinta, ido da ido. Ta yi shiru, sannan ta ce ƙanwarta tana zaune a can, kuma ɗan maƙwabcin ƙanwar yana cikin waɗanda aka kashe ranar 7 ga Oktoba 2023. Ta ce ga yawancin iyayen Yahudawa, ƙasar nan ba siyasa ba ce, wurin da kakanninsu suka samu mafaka ne bayan an kashe miliyan shida a Turai, kuma sunan Urushalima yana cikin addu'arsu ta kullum. Ban yarda da duk abin da ta faɗa ba, ita ma ba ta yarda da duk nawa ba. Amma ba wadda ta tashi ta bar wata, kuma da zan fita sai da ta tambayi jikin mahaifina, don ta san yana kwance.

Ga inda na tsaya. Kyandir da Ibrananci da kosha addini ne, nasu ne, ba mu da hurumi. Tuta da taken ƙasa da abin da ake gaya wa yaro ɗan shekara bakwai game da yaƙin Gaza, wannan ya shafi kowa, kuma dokar ilimi ta 1996 ta hana makarantar gwamnati tallata ra'ayin siyasa na ɓangare ɗaya, ta kuma wajabta a kawo ɓangarorin cikin adalci. A nan muna da ƙafar tsayawa. Muna iya neman a sanar da mu ranar tun da wuri, a tanadi aji da malami ga yaran da ba za su shiga ba, ba tare da an rubuta musu fashi ko an nuna su da yatsa ba. Muna iya neman manyan azuzuwa su ji cewa akwai wasu mutane da wannan rana ta zame musu ranar kuka. Muna iya neman in za a yi addu'a ga waɗanda yaƙi ya ci, a ambaci yaran kowane ɓangare. Na yi imani za a saurare mu a kan waɗannan. Amma in muka cusa su cikin buhu ɗaya da neman a kashe kyandir, abin da za su ji kawai shi ne mun zo shafe su, kuma daga nan kunne ya toshe. Mu da kanmu za mu zama mun haɗa addininsu da gwamnatin Isra'ila muka ƙulle, abin da kullum muke roƙon kada a yi mana da masu kisa da sunan Musulunci.

Ku dubi ƙofar da muke bi kowace safiya. Katanga mai tsawo, kyamara, mai gadi da rigar kariya. A Maris 2012 wani ɗan bindiga ya kashe malami da yara uku a makarantar Yahudawa a Toulouse ta Faransa. A ranar 2 ga Oktoba 2025, ranar azuminsu mafi girma, aka kai hari majami'ar Heaton Park a Manchester, mutum biyu suka mutu. Mu ma mun ɗanɗana, ba mu manta da yadda aka yi wa masallacin Southport ruwan duwatsu a 2024 ba, da makon da muka yi ba mu bar yara sun leƙa waje ba. Mutanen nan da ke tsayawa kusa da mai gadi da safe cikin ruwan sama, iyaye ne 'yan sa-kai, kuma da yake sun yi kaɗan, fuskoki biyar ko shida ne ke ta juyawa. Yaran da suke tsaro, yawancinsu namu ne. Ban taɓa ganin ɗayanmu a layin ba, har da maigidana, kuma na gaya masa. Gudummawar da ake roƙo kowane zango, wadda ba dole ba ce, ita ke biyan malaman addininsu da wani ɓangare na tsaron. Wanda ba ya son kuɗinsa ya shiga darasin addini, ya ce a sa nasa a tsaro, za a karɓa.

Ban ce makarantar ba ta da laifi ba. Shekara uku muna neman ɗan ɗaki da manyan yara za su yi azahar a lokacin sanyi, ana ce mana ana dubawa. Ranar Sallah ana ba da izini, amma ba a taɓa cewa barka da Sallah a taron safe ba, alhali rabin zauren da lalle a hannu suke dawowa. Akwai darussan da yaranmu ke zama 'yan kallo daga farko har ƙarshe, kuma yaro yana ji a jikinsa in shi ɗan rakiya ne. Waɗannan su ne nake so mu kai, da murya ɗaya. Ɗakin salla ba ya rage wa Asabar komai. Malamar da ke koyar da fitowar Annabi Musa daga hannun Fir'auna a lokacin Idin Ƙetarewa tana iya juyowa ta tambayi yaranmu yadda labarin yake a wurinmu, su gaya mata azumin Ashura, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar Yahudawan Madina suna yi don wannan tsira. Kuma akwai kujerar wakilin iyaye a hukumar makaranta da ake zaɓe a kanta. Zaɓen da ya wuce, ba wanda ya tsaya a cikinmu.

Ina roƙonku, don Allah, a dakatar da takardar nan kafin taron iyaye na ranar Alhamis. Mu haɗu a gidana ranar Lahadi bayan la'asar, maza a falo mata a ciki kamar yadda muka saba, mu sake rubuta ta. A cire ukun farko. A faɗaɗa na huɗu yadda zai zama buƙatar da za a iya amsawa. A ƙara ɗakin salla da gaisuwar Sallah da ajin Larabci. Yaya, in ka yarda ka tsaya takarar kujerar iyaye, ni zan fara sa maka hannu, zan kuma bi gida-gida. Maigidana ya riga ya ba da sunansa a layin masu tsaron ƙofa, ranar Litinin zai fara, ƙarfe takwas saura kwata, kuma ya ce akwai wurin mutum biyu a gefensa.

Wanda na ɓata wa rai cikin wannan rubutu ya yafe mini.

Wassalam.

'Yar uwarku,
uwar yara biyu a makarantar